Yadda ake daidaita lissafi da hasken tauraro idan awo ya yi kaɗan

A ce awo 15 kacal ka samu na wani tauraro irin RR Lyrae, waɗanda haskensu ke hawa ya sauka cikin ƙasa da kwana guda. Sauran dararen gajimare ya cinye su.

Fara da ƙirga lambobin da lissafinka ke nema. Jerin Fourier (hanyar zana layin haske ta haɗa igiyoyi masu hawa da sauka) mai hawa 5 yana son lambobi 11, tsawon zagaye, wato lokacin da hasken ke ɗauka kafin ya maimaita kansa, ya cika na 12. Da awo 15, layin zai ratsa kusan kowane ɗigo har ka ji daɗi, amma a tsakaninsu sai ya yi ta tsalle yadda ya ga dama. Kuskuren awo ka zana, tauraron yana can daban.

Don haka ari siffa. Akwai samfurori da masana suka haɗa daga taurarin da aka auna sau da yawa, kamar na yankin Stripe 82 a binciken sararin samaniya na SDSS. Da samfuri, abu 4 ne ya rage maka: matsakaicin haske, girman hawa da sauka, lokacin ƙololuwar haske, da tsawon zagaye.

Tsawon zagayen nan ne ke kayar da mutane. Yi amfani da hanyar Lomb-Scargle, wadda ke zana yadda kowane tsawon zagaye ya dace da awonka, tana cikin manhajar Astropy, amma kada ka rungumi ƙololuwa mafi tsayi a zanen ido rufe. In kullum a kusan sa'a iri ɗaya kake awo a dare, zagayen kwana 0.6 zai iya fito maka a matsayin 0.375, domin bambancinsu zagaye ɗaya ne cif a kowace rana. Ɗauki ƙololuwa uku ko huɗu, ka naɗe awon a kan kowacce, wato ka jera shi cikin zagaye guda, ka duba da idonka.

Sannan leƙa rumbunan awon taurari na ASAS-SN, ZTF, Gaia da AAVSO, wataƙila sun riga ka auna shi. In za ka haɗa, ba kowace na'ura nata gyaran matsakaicin haske, don matatar haskensu ba ɗaya ba ce.

Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: cire ɗigo ɗaya, sake lissafi, mayar da shi, cire na gaba. In amsa ta sauya saboda ɗigo guda, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Rubuta zagaye biyun da suka fi dacewa da awon a rahotonka, kuma in ka sake samun dare a na'urar hangen nesa, auna a sa'ar da hasashen biyun suka fi saɓawa.