Yadda Ake Sabawa da Zane a Waya Kullum, Har Zanen Ya Zama Gajeren Fim

Tambayar da matasa suka fi yi mini idan suka tarar da ni a gindin bishiya a Samaru ta Zariya ina zane a waya ita ce, wace na'ura ya kamata su saya kafin su fara, kuma nawa ne kuɗinta. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba, domin nakan ce kada su sayi komai tukuna. Wayar da ke aljihunsu ta isa zane, ta kuma isa ɗaukar gajeren fim. Abin da ba a sayarwa tare da ita a kwali shi ne idon da ya iya kallo, kuma zane ne ke horar da wannan ido. Shi ya sa a tsarin da nake bi zane ke gaba kowace rana, fim kuma ya biyo baya sau ɗaya a mako, daga cikin abin da aka riga aka zana.

Maganar manhaja ba ta da tsawo. A wayar Android ana samun ibisPaint X da Sketchbook kyauta, mai kwamfuta kuma yana iya sauke Krita ba tare da biyan ko kwabo ba, ita kuwa Procreate da ake yawan yabo ta na'urorin Apple ce kaɗai. Ka zaɓi guda ɗaya ka zauna a kanta wata uku, domin mai sauya manhaja kowane mako maɓallai yake koyo, ba zane ba. A cikinta ma ka ɗauki buroshi ɗaya mai kama da fensir ka rabu da sauran. Yatsa yana aiki, sai dai yana rufe wurin da layi zai sauka, don haka alƙalami mai kan roba irin wanda ake samu a shagunan kayan waya na Sabon Gari yana sauƙaƙa abin ƙwarai. Faɗin shafi kuma piksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 2000 a tsaye da 2000 a kwance ya wadatar, fiye da haka ƙaramar waya takan fara nauyi.

Abu ɗaya da ya cancanci ka fahimta tun ranar farko shi ne leya, wato shafuka masu shara-shara da manhaja ke jerawa wani a kan wani, ta yadda za ka goge na sama ba tare da ka taɓa na ƙasa ba. Uku sun ishe ka. A ta farko ka zuba siffar abin da garaje, sannan ka rage kaurinta har ta dusashe. A ta biyu ka bi da layi mai tsabta, ta ukun kuma ka sa ta a ƙarƙashin layin don inuwa ko launi. Akwai kuma maɓallin komawa baya, wanda a ganina shi ne babban abin da ke hana masu zanen waya ci gaba. Mutum zai ja layi ɗaya ya soke, ya sake ja ya sake sokewa, har rabin awa ta wuce bai gama hancin mutum ba. Ka ɗaura wa kanka doka cewa a minti goma na farko ba za ka taɓa shi ba. Layin da ya karkace ka bar shi, ka ja daidai a gefensa, domin ganin kuskuren a kan shafi shi ke gyara hannu.

Lokacin da ake bukata minti goma sha biyar ne a rana, amma a ɗaure shi da wani abin da ba ya tashi, kamar bayan sallar asuba ko bayan la'asar, don kada ya zama sai ranar da aka ga dama. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Wanda ya yi awa biyar ranar Asabar ya kwana shida bai taɓa alƙalami ba, wanda ke yin kwata ɗin awa kullum zai wuce shi kafin damina ta zagayo.

Mafi amfanin abin zanawa shi ne mai aikin da yake maimaita motsinsa. Na daɗe ina zama a bencin wani dattijo mai shayi a Tudun Wada, kuma ranar farko sai da na yi sallama na sayi kofi guda kafin na ce, "Baba, sannu da aiki. Ni mai koyon zane ne, ko za ka ba ni izini in zana ka kana haɗa shayi?" Ya dube ni ya dubi wayar, ya ce, "To, ɗan nan, zana, amma kada ka ƙara mini tsufa." Abin da na koya a wurin shi ne kada a fara da fuska. A daƙiƙa talatin na farko layi ɗaya ake nema, wanda ya taso daga diddige ya bi ta gadon baya ya ƙare a hannun da ya ɗaga kofi sama. Idan ya sauke hannun kafin ka gama, kada ka bi shi, ka jira mai saye na gaba, zai sake ɗagawa daidai yadda ya yi. A tsakanin jiran sai ka zana abubuwan da ba sa motsi, wato tulin burodi, gwangwanayen madara da aka jera, kiret ɗin ƙwai da baƙin da hayaƙi ya yi wa gindin tukunya. Sai da na yi mako biyu kafin na lura cewa igiyar shayin da ke zuba daga kofi zuwa kofi ba miƙaƙƙiya ba ce, tana ɗan lanƙwasa tana sirancewa a ƙasa, kuma yana karkata kansa gefe don tururi kada ya bugi idonsa. Kyamara za ta ɗauki duk wannan ba tare da mai ita ya gani ba, amma mai zane dole ya gani kafin hannunsa ya sa.

Wanda bai natsu da zana mai rai ba saboda fahimtarsa ta addini, Zariya ba ta bar shi hannu rabbana ba. Akwai zankwayen tsofaffin soraye a cikin birni, akwai ragowar ganuwa da Ƙofar Doka, akwai rimaye, akwai dutsen Kufena da kamanninsa ke sauyawa tsakanin hantsi da yamma, ga kuma dagi da sauran zanen bango da na ɗinkin babbar riga irin aska takwas, waɗanda ke koya wa hannu daidaito fiye da kowane darasi. Garin da shahararren magini Babban Gwani ya gina wa Masallacin Juma'a a wajajen shekarun 1830 ba baƙo ba ne wajen sanin siffa. A nan ne kuma a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, bisa ra'ayin cewa dabarar da aka koyo daga Turawa sai an haɗa ta da abin da aka gada a gida. Ra'ayin nan ya dace da mai zanen waya, domin manhajar daga waje ta zo, amma abin da za a zana a ƙofar gida yake.

Kowane zane ka sa masa kwanan wata a matsayin suna, kuma duk ranar Juma'a ka kwafe na makon zuwa wani wuri dabam, ko Google Drive ko filashi. Na taɓa kai wayata gyaran wurin caji, mai gyaran ya wanke ta tas ba tare da ya tambaye ni ba, zanen wata huɗu ya tafi.

A ƙarshen mako sai ka buɗe zane bakwai ɗin nan ka nemi wanda motsi ke ɓoye a cikinsa, shi ne fim ɗinka. Kada ya wuce minti ɗaya, kuma kada ka sa masa 'yan wasa ko doguwar hira. Aiki ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa ya isa labari, kamar haɗa kofin shayi ko ɗinke bakin aljihun riga. Kafin ka kunna kyamara, ka zana akwatuna shida zuwa takwas a shafi ɗaya, kowanne da siffar fuskar talabijin, ka sa abin da kake son gani a cikin kowanne. Na farko ya nuna wurin daga nesa don mai kallo ya san inda yake, na biyu ya matso zuwa rabin jiki, sauran kuma su shiga kusa sosai, wato hannu a kan cokali, tururi, idon mai jira, kuɗi na sauya hannu. Sabon shiga yakan tsaya wuri ɗaya ya ɗauki komai daga nesa, ya dawo gida da hoton da babu abin yankawa a cikinsa, kuma wannan shafi na akwatuna shi ne maganin hakan.

Wajen saita ingancin bidiyo a waya, 1080p ya isa. 4K ya ninka shi sau huɗu a yawan piksel, yana cinye wuri, yana kuma sa waya zafi, musamman a bazara. Idan wayarka tana ba da zaɓin hotuna 25 a daƙiƙa, ka ɗauke shi duk lokacin da kake aiki a ƙarƙashin fitila, domin wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ne, kuma 30 takan sa hasken wasu fitilu ya riƙa rawa a hoto. Ka goge gilashin kyamara kafin kowace ɗauka, balle lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai. Ka danna fuskar wayar ka riƙe a kan abin da kake ɗauka har haske da tsabtar hoto su kulle, in ba haka ba duk wanda ya gifta da farar riga sai hoton ya yi duhu. Ka yanke tun farko ko a kwance za ka riƙe wayar ko a tsaye, kada ka gauraya. Ka manne gwiwoyin hannunka a jikinka ko ka jingina wayar da tubali, ka ƙirga goma a zuci a kowace ɗauka, kuma kada ka jawo hoto da yatsa, ka taka da ƙafarka ka matsa kusa. Idan mutum biyu suna fuskantar juna, ka ɗauka akwai igiya a tsakaninsu, ka tsaya a gefe ɗaya nata har ka gama, domin in ka tsallaka, a fim sai a ga kamar dukansu gabas suke kallo.

Haske a nan yana da lokutansa. Da tsakar rana rana tana bisa kai, sai idanu su zama ramuka biyu baƙaƙe a ƙarƙashin hula. Hantsi da bayan la'asar su ne lokutan aiki, hasken na zuwa daga gefe yana fito da kaushin bangon ƙasa da zaren ɗinki. Hazon hunturu yana tausasa inuwa amma yana kashe launi, washegarin ruwan sama kuma komai yakan fito fes. Wanda ya yi makonni yana zana inuwa ya riga ya san duk wannan, ba sai an gaya masa inda zai tsaya ba.

Sauti shi ne inda aka fi faɗuwa, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Kafin ka fara, ka rufe ido ka saurara, za ka ji janareto da ƙarar babura da injin niƙa da rediyon maƙwabci waɗanda kunnenka ya saba da su har ya daina ji. Idan akwai magana, ka sa wata wayar a aljihun gaba na mai maganar tana naɗa, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don ka samu inda za ka daidaita sauti da hoto daga baya. Ka kuma naɗi minti ɗaya na ƙarar wurin kawai, babu magana, don shimfiɗawa a ƙarƙashin fim ɗin gaba ɗaya. Ka lura da lokacin kiran salla, ka dakata har a idar.

Haɗawa ana yin ta a CapCut ko KineMaster a waya, ko DaVinci Resolve a kwamfuta mai ƙarfi. Ka jera ɗaukar yadda akwatunan suka nuna, ka yanka a tsakiyar motsi, misali lokacin da hannu ke kan hanyarsa ta sama, sai idon mai kallo ya bi hannun bai lura da yankan ba. Ka rabu da juye-juyen ado da kiɗan da ba naka ba, ƙarar cokali a kofi ta fi su. ibisPaint tana ajiye bidiyon yadda zane ya taso daga layin farko, kuma daƙiƙa biyar daga ciki sukan yi kyau a buɗe fim da su kafin hoton gaske ya shigo.

Kafin ka sa fim ɗin a intanet, ka koma wurin wanda ka ɗauka ka nuna masa, domin izinin zane dabam, izinin yaɗawa dabam, kuma in akwai yara ko matan aure a ciki sai da yardar iyaye da masu gida. Idan ya ce a cire wani wuri, a cire. Dattijon nan na Tudun Wada sau biyu ya kalli nasa, ya ce in cire inda aka ga yana ƙirga cinikinsa, sannan in tura wa ɗansa da ke Kaduna. Idan za ka tura ta WhatsApp, ka aika shi a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba, domin ta hanyar bidiyo manhajar takan matse shi har zaren tururin da ka sha wahalar ɗauka ya ɓace.