Pushkar: Kada Ka Karɓi Furen Nan

Shekara shida ke nan ina zaune a Jaipur, kuma duk ɗan gida da ya zo Indiya, karatu ya kawo shi ko jinyar ɗan'uwa, da ya samu sarari sai ya ce in kai shi Pushkar ya ga raƙuma da rairayi. Na yi ta kaiwa har na gaji da ganin kowa na faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa. To ga shi a rubuce, wanda ya karanta ya hutar da bakina.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar garin a matsayin wurin shan iska. Pushkar ƙaramin gari ne a jihar Rajastan, a gefen hamadar Thar, tsauni ɗaya ya raba shi da birnin Ajmer. A tsakiyarsa akwai tafkin da mabiya addinin Hindu ke tsarkakewa, kewaye da matakalan wanka 52 da suke kira gat, ga kuma ɗakin bautar Brahma, ɗaya daga cikin allolinsu, ɗakin da irinsa ba su da yawa a duk faɗin ƙasar. Wurin ibadar wasu ka shiga, kai baƙo ne.

Yanzu maganar fure. Zuwana na farko, ina sauka daga motar Ajmer wani saurayi mai fara'a ya tare ni, ya tambayi ƙasata, ya zuba mini 'yan ganyen fure a tafin hannu, ya ce kyauta ce, in je in jefa a tafki. Mu kuwa an rene mu a kan cewa ba a mayar da hannun kyauta baya. Na bi shi. A bakin ruwa ya miƙa ni ga wani dattijo mai faranti ɗauke da kwakwa, jan gari da shinkafa. Dattijon ya zaunar da ni, ya tambayi sunan mahaifina da na mahaifiyata, ya ce in riƙa maimaita abin da yake faɗa. Sai da na maimaita jimla uku ko huɗu kafin kaina ya kawo wuta: ibadarsu ake sa ni yi, wadda suke kira puja. Ina shirin miƙewa ya ce mu nawa ne a gidanmu, don kowane mutum da kuɗinsa. Bai san ɗan gidan mata huɗu ya kama ba. Da na ce mu goma sha tara ne, wallahi sai da idonsa ya yi ƙyalli. Aka yi ta ja-in-ja, samari uku suka kewaye ni, ban tsira ba sai da na ajiye rufi 2,000, aka ɗaura mini jan zare a wuyan hannu, wanda baƙi ke yi wa laƙabi da fasfon Pushkar. Kuɗin bai dame ni kamar abin da bakina ya furta ba. Da istigfari na koma Jaipur.

Abin da nake yi tun daga ranar: hannuwana a aljihu suke daga tasha har masauki. Wanda ya miƙo fure in ce masa "nahin chahiye", wato ba na buƙata, in wuce ban tsaya ba. Tsayawar ita ce matsalar, domin da ka tsaya yin bayani an fara ciniki. Idan ya nace, in ce ni Musulmi ne, yawanci nan take ake rabuwa lafiya. Wasu baƙi na sayen jan zare su ɗaura da kansu don a ƙyale su. Ni ban yarda da wannan dabarar ba, ba na ɗaura alamar abin da ban yi imani da shi ba. Kuma kada ka yi wa mutanen garin kuɗin goro. Masu zuwa ibada na gaskiya ba ruwansu da kai, su ma kukan 'yan furen nan suke yi.

Na biyu, lassi. Nono ne da ake damawa da sukari, mai sanyi, ga wanda ya sha rana babu kamarsa. Amma idan mai shago ya kashe ido ya ce ko a ba ka "na musamman", to bhang ne a ciki, wato niƙaƙƙen ganyen wiwi. Wani ƙanena ya ji "na musamman" ya ɗauka mai yawan kirim ne, ya shanye kofi guda, ya ce bai ji komai ba. Ba ya kama mutum nan take, sai an jima. Bayan kamar awa ɗaya muka same shi zaune a ƙofar masauki yana ba wata saniya haƙuri, ya rantse ƙasa na juyawa. Kwana muka yi a kansa, jirgin ƙasan da za mu hau da safe ya tafi ya bar mu, tikiti uku suka bi ruwa. Haba jama'a! Abin da ba ka sani ba ka tambaya mana. Ni yanzu ina tsaye ake dama nawa, in na ga kore-kore a kofi, na fasa.

Sai 'yan kilishi. Ba a sayar da nama ko ƙwai ko giya a cikin garin, haka dokar wurin take. Amma sai ka ga mutum ya zaro ƙullin kilishi daga jaka a bainar jama'a yana ci, wai shi ba zai iya wuni ba nama ba. Naman saniya fa, a garin da saniya ke yawo a kasuwa ana sa mata albarka. Wannan neman fitina ne. Kwana biyu a kan dal bati, wato miyar wake da gasasshen curin alkama, da malpua, wainar nan tasu da ake tsomawa a ruwan sukari, ba za su kashe ka ba. In kwaɗayi ya matsa, tsallaka Ajmer, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Unguwar da kabarin Shehu Mu'inuddin Chishti yake cike take da masu dafa nama da masallatai.

Takalmi: a cire kafin a sauka matakalan tafki, ba sai an yi maka tsawa ba. Hoto: kada ka ɗauki masu wanka, musamman mata. Wasu ɗakunan bautar ba sa barin wanda ba Hindu ba ya shiga, karanta allon ƙofa.

Lokacin zuwa ma ana kuskure. Kasuwar raƙuman da ta yi suna tana ci ne a watansu na Kartik, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ta ƙare ranar da wata ya cika. Masu zuwa ranar ƙarshe sukan tarar da cunkoson masu ibada, fatake kuwa sun kora dabbobinsu sun tafi. In raƙuma kake so, zo a kwanakin farko, ka kama ɗaki tun da wuri don kuɗinsa ninkawa yake yi. Mayu da Yuni zafi na wuce digiri 40. Disamba kuma dare na da sanyi kamar tsakiyar hunturu, zo da rigar sanyi.

Hawan raƙumi, a gama ciniki a ƙasa, har da kuɗin dawowa. Tsaunin Savitri da ke gefen garin kuma da asuba nake hawansa, ba da rana tsaka ba, kuma ba na riƙe leda a hannu. Biran wurin sun san ƙarar leda. Na ƙarshe da na gani ya fizge wa wani abokina ayaba da tabarau a lokaci guda, ya hau kan katanga, ya ci ayabar, tabaran kuwa ya sake shi cikin kwazazzabo.