Rage tumbi a Kano: tuwo za a yanke ko atisaye za a shiga?

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, duk wanda teɓa ta fara hana shi ɗaure takalmi sai ka ji yana cewa shin ya bar shinkafa da tuwo ya koma nama da ƙwai da mai irin tsarin nan da ake kira keto, ko kuwa ya sayi kambas ya fara zagaye Filin Sukuwa da asuba. Ni dai amsata ita ce in kilo kake so ya sauka to daga kwanon abinci ake farawa. Motsa jiki ba a barinsa, amma aikinsa daban ne.

Mu ɗan yi lissafi tukuna. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mutum mai kilo 80 in ya yi tafiyar sauri ta awa guda cur, abin da zai ƙona wajen 300 ne da 'yan kai. Ita kuwa robar lemo ɗaya ta 50cl akwai suga kusan giram 50 a ciki, kalori wajen 200 kenan, kuma cikin minti biyu ka shanye. To ka ga wanda ya zagaya filin wasa na Ƙofar Mata har riga ta jiƙe, yana fitowa ya zauna a tebirin mai shayi aka haɗa masa mai kauri da madara da suga cokali uku, ga biredi an shafe da bota ga indomi da ƙwai, ai ya mayar da abin da ya zubar har da riba, kuma ba laifinsa ba ne don atisaye yana buɗe ciki sosai. Akwai wani masani a Amurka, Herman Pontzer, da ya auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta ne da suke yini suna yawo a daji, a 2012 sakamakon ya nuna abin da jikinsu yake ƙonawa a rana kusan ɗaya ne da na mutanen Amurka da Turai in aka duba girman jiki. Wato in ka ƙara wa jiki aiki ta nan, sai ya yi tsimi ta can.

Shi kuma keto ga yadda yake. Ana rage sitaci da suga su koma ƙasa da giram 50 a rana, alhali faranti ɗaya na shinkafa irin wanda muke ci ya wuce haka, sai jiki ya cinye sugan da ya ajiye a hanta da tsoka ya koma kan kitse. Asalinsa ma tun wajen 1921 likitoci suka fito da shi don masu farfaɗiya, daga baya ne masu neman rage ƙiba suka ɗauka. A satin farko za ka ga sikeli ya sauka da kilo biyu ko uku ka yi ta murna, to ka sani yawancinsa ruwa ne, don kowane giram na wancan ajiyayyen sugan yana riƙe da ruwa wajen giram uku, ranar da ka koma tuwo ruwan zai dawo. A jami'ar Stanford an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci wasu suka rage maiƙo har shekara guda, da aka fitar da sakamako a 2018 'yan rage sitaci sun zubar da kilo 6, ɗaya ɓangaren kilo 5.3, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu an ce su bar suga da kayan fulawa su yawaita ganye.

Shi ya sa ba na ba mutumin Kano shawarar ya shiga keto mai tsanani. Na ɗaya kuɗin nama da kifi da ƙwai kullum sau uku ba kowa ke da shi ba a wannan yanayin, na biyu gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, ba za ka ce uwargida ta riƙa yi maka girki daban har abada ba. Sannan maganar 'yan keto ta a yi ta shan mai son rai tana da haɗari, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4, cokali ɗaya babba na man gyaɗa wajen 120 kenan, ga man shanu da manja da kitsen nama suna ɗaga mugun kwalastaral, wato maiƙon da ke toshe hanyoyin jini, a jikin mutane da yawa. Abin da ke da amfani a tsarin shi za mu ɗauka, wato nama da ƙwai da ganye suna riƙe ciki, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba.

Fara da abin sha, sati biyu kada ka canza komai sai shi. Lemon kwalba, maltina, zoɓo da kunun aya na roba da ake zuba wa suga kamar ba gobe, duk ka ajiye. Shayi ka ce wa mai shayi kada ya sa suga, in ba za ka iya ba ka koma rabin cokali, bayan kwana kaɗan harshe zai saba. Fura da nono ba sai ka rabu da ita ba, amma a dama da fura kaɗan nono da yawa kuma ba suga, ko ka sha kindirmo zalla.

Bayan nan sai karin kumallo. A maimakon biredi ko gurasa ko waina da koko mai zaƙi, ka ci dafaffen ƙwai biyu da alala, ko ƙosai kaɗan, ko awara. 'Yan keto za su ce wake ma akwai sitaci, gaskiya ne, amma wake yana da furotin da harza, ba ya ɗaga suga da sauri irin na fulawa, kuma shi talaka ke iya saya, don haka ni ban yarda a kore shi ba. Da rana in garau-garau ne a rinjayar da wake kan shinkafa, mai cokali ɗaya kawai, a cika gefe da latas da kabeji da kokwamba, in ka shiga 'Yankaba da safe za ka haɗo na kwana uku. Tuwon dare mai cin malmala biyu ya koma ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe a zuba da yawa a sha da cokali. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli abinci ne cikakke ba abin marmari ba, sai dai ka ce kada a barbaɗa suga. In ka je wajen mai tsire ko balangu ka ce a yanka maka albasa da tumatir da kabeji, a bar gurasar, a cire kitsen. Gyaɗa kuma cikin tafin hannu ɗaya ta isa, ba kwalba guda ana hira ba. Ma'aunin da Annabi (SAW) ya ba mu na kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, shi ne dai ma'aunin faranti.

Kwanakin farko za ka iya jin ciwon kai da kasala, bayan gida ya yi tauri, ka yawaita ruwa da ganye zai wuce.

To sai motsa jiki. Amfaninsa shi ne in kana ramewa ya zama kitse ne ke tafiya ba tsoka ba, yana sauke hawan jini, yana gyara suga da barci, kuma shi ke taimakawa ƙibar kada ta dawo, wanda nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 sau biyar, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ba sai ka biya kuɗin jim ba. Bayan sallar Asuba ka ɗauki titi kafin hayaƙin ababen hawa ya tashi, tafiyar da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40 kada ka kuskura ka fita da rana tsaka. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da ke yini a zaune ya sauka daga adaidaita tun kafin a kai shi ƙofar shago, ya je masallacin da ya ɗan fi nisa, kuma bayan cin abinci ya taka na minti goma, wannan kaɗai yana rage tashin suga. Ke kuma Hajiya da ba kya samun fita, tsakar gida ta isa, ki yi zagaye, ki yi tashi-zauna a kan kujera sau goma ki huta ki sake, ki cika jarkoki biyu ƙanana da ruwa ki riƙa ɗagawa. Mai nauyi sosai kada ya fara da gudu ko tsallen igiya, gwiwa za ta ci wuya, hawan Dala ma a bari sai jiki ya saba.

Sikeli sau ɗaya a sati, da safe kafin ka ci komai. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati ya yi, kada ka nemi fiye da haka. Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai saitin cibiya, ana so ya zama ƙasa da rabin tsayinka, mai tsayin santimita 170 kada ya kai 85. Wani lokaci sikeli zai tsaya cak amma tazugen wando yana ƙara tsawo, to aiki yana tafiya.

Shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya don Allah ku kiyaye, da yawansu ganyen sa zawo ne irin su filasko, ruwan jikinka kawai kake zubarwa. Sannan duk mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide kada ya yanke sitaci da kansa, suga na iya faɗuwa ya sume, sai likita ya daidaita masa magani. Haka mai shan maganin hawan jini, da mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa kuwa keto ba nasu ba ne sam. In ka haura shekara arba'in ko akwai ciwon suga a danginku, ka je Asibitin Malam ko na Murtala ko na kusa da kai a auna maka suga da jini da kwalastaral kafin ka fara, bayan wata uku ka koma a sake aunawa.