Yadda ake riƙe ƙungiyar 'yan takalmin taya a Legas

Duk wanda ya tara mutum goma masu son takalmin taya a Legas, kafin wata ya ƙare zai ga sunaye sun cika masa zauren WhatsApp. Wannan ya saka abokinsa na Agege, wancan ya saka ƙanensa na Idi-Araba, wani ya ga bidiyo ya ce shi ma a saka shi. Ranar Lahadi da sassafe kuwa, fuskokin da ka saba gani su ne dai za ka tarar. Na jima ina riƙe da littafin ƙungiyarmu, kuma shawarata ga mai shirin kafa irinta ita ce ya tsayar da magana ɗaya tun farko: mamba shi ne wanda ya ɗaura takalmi ya zo. Kuɗin wata, rigar ƙungiya, izinin hawa titi, damar zaɓe, duk a kan zuwan ake gina su.

Saboda haka ka fara da sayen littafi, na takarda, mai bango mai kauri. Waya tana lalacewa, ana zare ta a motar haya ta danfo, mai ita yana tafiya gida biki ya share wata biyu. Shafukan farko na rajista ne: suna, unguwa, lambar waya, lambar takalmi, sai lambar wanda za a kira idan an ji ciwo. A kan ta ƙarshen nan ka tsaya ka yi wa mutum bayani, don yawanci lambar Baba da ke Sakkwato ko Katsina zai ba ka. Wanda ake so shi ne mai iya zuwa asibiti cikin awa ɗaya, maigidansa na kasuwar Mile 12 ko yayansa da suke kwana ɗaki ɗaya. Ka ja shi gefe ka tambaya ko yana da asma, farfaɗiya ko sikila, ka rubuta a shafin da ba kowa ke buɗewa ba. Sauran littafin na halarta ne. Kwanan wata a sama, kowa ya rubuta sunansa da hannunsa, ba a rubuta wa wanda "yana hanya".

Mu mataki uku muka yi. Akwai baƙo, akwai mamba, akwai 'yan titi, wato mambobin da aka ba izinin hawa titi. Baƙo yana zuwa sau huɗu ba a karɓar ko kwabo a hannunsa, kuma ana ara masa takalmi. A zuwa na biyar ake tambayarsa ko zai shiga. Idan ka karɓi kuɗin rajista ran farko, za ka tara mutanen da suka biya suka ɓace, su kuma dawo bayan wata shida suna cewa ai su ma da haƙƙinsu a ƙungiya.

Ranar farko ta baƙo ita ce inda ƙungiya ke samun mutum ko ta rasa shi, kuma ciwon faɗuwa ba shi ne ke korar mutanenmu ba. Kunya ce. Magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ake ce wa Alhaji a rumfarsa, ya zo ya zame ya zauna daɓas a gaban yara 'yan shekara 12 da ke zagaye shi da baya da baya, wani kuma ya ɗaga waya yana dariya. Wannan mutumin ba zai ce maka komai ba, zai yi sallama cikin fara'a, ba za ka sake ganinsa ba. Don haka dokarmu ta fi tsanani a nan: ba a ɗaukar baƙo hoto ko bidiyo sai ya ce a ɗauka, kuma faɗuwar kowa ba ta shiga zaure. A ware masa mutum ɗaya tak, sa'ansa idan da hali, su koma gefe inda ba idon jama'a. Abin da za a fara koya masa shi ne yadda zai faɗi: ya durƙusa, ya tafi gaba, gwiwa da tafin hannu su sauka a kan kariyar da ya ɗaura musu. Sai tsayuwa da dugadugai a haɗe, yatsu a ware, gwiwa a lanƙwashe. Sai birkin dunduniya. Gudu shi ke zuwa da kansa. Mai koyarwar kuma shi zai kira shi ranar Laraba ya ce, "Yaya, ya jikin? Cinyoyi sun yi tsami ko? Haka kowa ya fara, muna jiranka Lahadi." Wannan kiran ya fi duk wata sanarwa da shugaba zai rubuta.

Wurin atisaye ya zama ɗaya, lokaci ɗaya, ko da mutum uku ne suka zo. Harabar babban filin wasa na Surulere, wanda aka buɗe a 1972 aka kuma yi wasannin Afirka a cikinsa a 1973, tana da faɗi, kuma 'yan takalmin taya sun daɗe da saninta. Amma ba kai kaɗai ba ne a wurin: ga 'yan gudu, ga 'yan dambe, ga masu motsa jiki da kiɗa. Ka je da kanka ka gaida masu kula da wurin, ka ji abin da suka yarda da shi da inda ba sa so a taka. Ƙungiyoyin Yarbawa da Ibo da suka riga ka, su ma ka gaishe su, za ka ƙaru da su a kan inda ake samun taya mai kyau. Idan ɗayansu ya shigo cikinku, a riƙa maimaita sanarwa da Turancin buroka. Siyasa da gardamar addini a bar su a bakin ƙofa.

Hawa titi ba a ba da shi don daɗewa ko don girma. Jarrabawa ake yi, a gaban mutum biyu daga 'yan titi. A zana layi biyu da alli, mutum ya taho da gudu, a busa usur, ya tsaya kafin layi na biyu. Ya nuna tsayawa da birki, ya nuna ta jan ƙafa ɗaya a gicciye a baya, don birki yana cinyewa. Ya waiga ta kafaɗa ba tare da ya karkace ba. Ya tsallake bakin kwata da tudun rage gudu. Wanda bai ci ba ya sake gwadawa bayan mako biyu, ba tsiya ba gori. Za a zo maka da "haba shugaba, ai ɗan gida ne". Kada ka karɓa, don direban danfo bai san ɗan gida ba.

A titi mutum ɗaya yana gaba, ba a wuce shi, mutum ɗaya yana baya da usur da jakar magani, ba ya barin kowa a bayansa. A ƙirga kai kafin tashi, a ƙirga a duk inda aka tsaya shan ruwa. Hular kwano da kariyar wuyan hannu dole ne, domin wuyan hannu shi ne inda aka fi karyewa a wannan wasa, mutum da ya zame hannu yake kaiwa ƙasa. Sai babbar doka: wanda ya kama bayan danfo, tirela ko doguwar bas ta BRT ta ja shi, an dakatar da shi wata guda, ya sake an sallame shi. Na san samari suna ganin masu yin haka a titin Ikorodu suna sha'awa, har wasu don wannan suka sayi takalmin. Mai yi shi kaɗai ransa ya sa a kasada, mai yi da rigarmu a jikinsa kuma ya jawo a hana mu duka wurin atisaye. Gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, ba wurin ɗan takalmin taya ba ce ko da ranar Lahadi ce. Lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, a rubuta su a bangon littafi. Idan hannu ya kumbura ya ƙi motsi, a nufi asibitin ƙashi na Igbobi ko mafi kusa a ɗauki hoto tukuna. Maganar mai ɗori, wadda dangi za su kawo, ta biyo bayan hoton.

Kuɗin wata ya zama kaɗan, wanda yaron shago zai iya biya ba tare da ya roƙi maigidansa ba. Mai riƙe kuɗi daban, shugaba daban, kuma ba a cire ko sisi sai da sanin mutum biyu. Lahadin farko na kowane wata ma'aji ya tsaya ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ko da ba wanda ya tambaya. Ranar da aka fara tambaya, zargi ya riga ya shiga. Kuɗin na kayan aro ne, da bandeji da auduga da aidin, da ruwa, da alli. Asusun ƙungiya ba adashe ba ne, ba a ranta wa kowa, ba a fitar da gudummawar aure ko suna daga ciki. Idan ɗan'uwa ya samu ƙaruwa, a yi karo-karo daban, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa. Wanda ba shi da halin biya amma ba ya fashi, a ba shi aiki a madadin kuɗi, ya riƙa wanke boris ɗin da ke cikin tayoyi ko ɗaukar jakar kaya, kuma tsakaninsa da ma'aji maganar ta tsaya. Na fi son irin wannan a kan mai turo kuɗin shekara gaba ɗaya da ba mu san kamanninsa ba.

Takalman aro su ne ƙofar shigar sababbi, saboda ba wanda zai kashe kuɗi mai yawa a kan abin da bai gwada ba. A gwanjo ake samunsu da sauƙi, a Katangowa ko Yaba, amma a tafi da wanda ya san kaya. A duba ƙarfen da tayoyi ke ciki ko ya tsage, a duba maɗaurin idon sawu. Taya da boris ana canzawa, tsagaggen gindi ba ya gyaruwa. Taya mai milimita 80, mai tauri 82A zuwa 85A, ita ke jure kwaltar Legas, mai laushi tana cinyewa nan da nan. Boris kusan duk lamba 608 ne, don haka na wannan takalmi yana shiga wancan. A ajiye alanki, ƙarfen kwance taya, mai milimita 4 a jaka, a riƙa juya tayoyi saboda gefen ciki ya fi cinyewa. Kowa ya zo da safarsa. Takalmin aro ba ya kwana a gidan kowa, ko na ƙanen shugaba.

Yara 'yan ƙasa da shekara 18 sai uba ko wa ya zo da ƙafarsa ya sa hannu, saƙon "Baba ya ce ba komai" ba ya wadatarwa. A kuma duba kada lokacin ya ci karo da Islamiyya. Mata idan sun nuna sha'awa, a ware musu sa'arsu da mace mai koyarwa, a gaya musu tun kafin su zo cewa dogon hijabi da ke jan ƙasa yana shiga taya. Wando mai yalwa da hijabin da ya tsaya a gwiwa sun isa.

Shekararmu ba ta tafiya bai ɗaya. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, Yuni da Yuli ruwa ba ya ɗagawa, jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa santsi take yi, boris ya yi tsatsa. Mutum ɗaya aka ɗora wa sanar da ɗage atisaye, kuma kafin ƙarfe 5:30, don na Agege da na Alaba Rago daga sallar asuba suke kama hanya. Da azumi muna dakatar da fita titi, kuɗin watan ma ba a karɓa. Lokacin Sallah da lokacin shuka 'yan ci-rani suna komawa gida. Wanda ya faɗa kafin ya tafi, a rubuta "ya yi tafiya" a gaban sunansa, bashi ba ya hawa kansa.

Wanda ya yi wata biyu ba a gan shi ba kuma bai ce komai ba, kada a goge shi haka kawai. A kira shi, "Malam, lafiya muka ji ka shiru?" Sau da yawa rashin lafiya ce, ko takalmin ya lalace yana jin nauyin faɗa, ko wani ya gaya masa maganar da ta ɓata masa rai. Idan ya ce ya huta, a mayar da sunansa shafin masu hutu, ya fita daga ƙidayar masu zaɓe, ranar da ya dawo ya sake jarrabawar titi kafin ya bi ayari. Ladabtarwa kuma ba a yin ta a zaure ko a tsakiyar fili. Mutum uku su zauna da shi bayan an tashi, ɗaya daga ciki ya zama wanda yake jin nauyinsa, a rubuta abin da aka yanke da ranar da zai ƙare.

Shugabanci shekara ɗaya ne, a yi zaɓe bayan Babbar Sallah lokacin da matafiya suka dawo. Mai zaɓe shi ne wanda littafi ya nuna ya halarci aƙalla rabin atisayen wata shida da suka wuce. A ranar ake miƙa littafi, da jakar magani, da takalman aro a ƙirge a gaban kowa, sabon ma'aji ya sa hannu a ƙarƙashin abin da ya karɓa.