Yadda ake zuwa Gavarnie a taka har gindin ruwan

Gavarnie na can kudancin Faransa ne, a tsaunukan Pyrenees, daf da iyakar Sifaniya. Dubban shekaru da suka wuce wata jibgegiyar ƙanƙara ce ta yi ta gangarowa tana kankare dutsen har ta bar wani wawakeken rami kamar ƙatuwar tukunya da aka fasa gefe ɗaya, ta wannan gefen da ya fashe kuma ake shiga. Bangon ya tashi kusan mita 1,500 daga ƙasan ramin, sannan ga ruwa yana faɗowa daga sama tsawon mita 422, tun 1997 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin daɗin shi ne ba sai kai ƙwararren mai hawan dutse ba ne, in dai ƙafarka lafiya lau to za ka iya.

Fara da zaɓen wata. Daga Yuni zuwa Satumba ne lokacin. A Yuni ruwan ya fi ƙarfi saboda dusar ƙanƙara na narkewa, Yuli da Agusta kuwa mutane ne maƙil don lokacin hutunsu ne, Satumba an watse amma ruwan ya ja baya sosai. Ni dai ƙarshen Yuni zan ce maka. Lokacin hunturu ka manta kawai, ƙanƙara na ɓallowa daga sama ta binne hanya, wannan sai masu kayan aiki da ɗan jagora.

Sai maganar isa. In da fasfo na Najeriya ko Nijar kake to bizar Shengen, wato ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, ce farko. Daga Faris ka hau jirgin ƙasa na TGV a tashar Montparnasse zuwa Lourdes, wajen awa 5 ne, daga nan zuwa ƙauyen Gavarnie kilomita 50 ta garin Luz-Saint-Sauveur. Akwai bas amma fa ka duba jadawalinsa tun kana gida don ba kowane lokaci yake kaiwa har ƙauyen ba. In motar haya ka ɗauka, a bakin ƙauyen za ka aje ta kuma fakin ɗin na kuɗi ne a watannin hutu. Ka kwana a Luz ko a ƙauyen kansa, saboda sammako shi ne rabin aikin nan.

Kaya ba yawa. Takalmi mai riƙe ƙasa, ban da silifas ban da takalmin zuwa biki don Allah. Rigar ruwa, suwaita ko da ka ga rana ta ƙwalle, hula, gorar ruwa, da ɗan abin taɓawa a jaka irin su burodi da cuku da dabino, tunda abincin yankin akwai naman alade a ciki sosai, gara ka riƙe naka ko ka tambaya kafin ka yi oda.

To tafiyar. Ka bar ƙauyen wajen ƙarfe 7 ko 8 na safe, yana kan tsayin kusan mita 1,370 ne, ka bi gefen rafi ka miƙe, ba ma yadda za a yi ka ɓata tunda bangon na gabanka tun daga farko ga alluna ko'ina. Farkon hanyar shimfiɗe take, akwai ma masu ba da hayar dawakai da jakuna in kana tare da yara ko dattijo (ka dai riƙa kallon inda kake taka ƙafa, ka gane ai). Can gaba ta fara hawa cikin bishiyoyi, nan ne za ka ji numfashinka ya canza, kar ka yi gasa da kowa, tsaya ka huta ka ci gaba. Cikin awa ɗaya da 'yan mintuna za ka iso wani tsohon otal da ake kira Hôtellerie du Cirque.

Nan ne yawancin mutane ke zama su sha kofi su ɗau hoto su juya, kuma gaskiya nan ne ake tafka asara. Daga otal zuwa gindin ruwan akwai ƙarin kamar minti 40, hanyar ta zama tsakuwa da duwatsu masu zamewa, tana da tsaye, ido kuma na yaudara don za ka ga kamar ga shi nan kusa amma ka yi ta tafiya bai matso ba. Ka daure. Kana kusantowa iska mai sanyi za ta fara dukanka da feshin ruwa, nan za ka sa rigar ruwan ka ɓoye waya a aljihu, ƙarar kuwa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. In ka tarar da ragowar ƙanƙara ta rufe kan rafi kar ka kuskura ka hau ta, ƙarƙashinta rami ne ruwa na gudu, tana iya burmawa da kai.

Wajen saukowa aka fi faɗuwa, sai ka riƙa taku gajeru. Ka yi ƙoƙari ka baro can kafin la'asar don hadari kan haɗu bayan azahar ya zo da tsawa, in wani abu ya faru lambar gaggawa 112 ce. Wurin cikin gandun da gwamnati ke karewa yake, ba a tsinkar fure, ba a kunna wuta, shararka kuma a jakarka za ta dawo.

In ƙafa ba ta gaji ba ka ware wata rana daban don Brèche de Roland, wata tsaga ce a saman bangon a tsayin mita 2,807 wadda in ka ratsa ta ka shiga Sifaniya. Ita daga Col de Tentes ake tashi, wata mashiga ce tsakanin tsaunuka can sama da ƙauyen, kuma ta fi wannan wuya nesa ba kusa ba, akwai ƙanƙara a hanya har cikin watannin zafi, sai ka tambayi ofishin masu yawon buɗe ido na ƙauyen halin da hanyar take ciki kafin ka ɗaura takalmi.