Yadda Ake Karrama Masu Shirya Gasar Sinuka da Biliyad

Duk wanda ya taɓa kallon gasar sinuka ta duniya ya san zauren Crucible da ke birnin Sheffield na Ingila, ɗan ƙaramin gidan wasan kwaikwayo wanda ba ya cin mutum 1,000, kujerunsa kuma sun matso kusa da tebur har ɗan wasa yana jin motsin 'yan kallo. Sai dai kaɗan ne za su iya faɗin sunan mutumin da ya kai gasar wannan wuri. Mike Watterson ne ya yi haka a shekarar 1977, bayan matarsa ta je kallon wasan kwaikwayo a zauren ta dawo ta shaida masa cewa wurin zai dace da sinuka, kuma tun daga lokacin gasar ba ta sake sauya masauki ba. Haka lamarin yake a kusan kowace gasa: wanda ya ɗaga kofi shi ake ɗauka hoto, wanda ya kama hayar zaure, ya nemo kuɗin kyauta, ya kwana yana tsara jadawali, sai ya koma gefe yana lissafin bashin da ya rage masa. Kamar gidan biki ne, inda kowa ke kallon amarya, ba a tuna matan da suka wuni gaban murhu.

Wannan bayani na ƙungiyoyi ne da kulob-kulob da masu gidajen wasa waɗanda suke son gyara wannan mantuwa, ko a babban birni suke ko a unguwar da tebur biyu ne kawai a ƙarƙashin rumfar kwano. An gina shi a kan abin da aka gani a Amurka da Ingila, inda aka daɗe ana shirya gasar pul da sinuka da biliyad, dangin wasannin da ake buga ƙwallaye da sanda a kan tebur.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne ware wa masu shirya gasa rukuni nasu daban, domin idan aka zuba su cikin jeri ɗaya da 'yan wasa, ba za su taɓa kai labari ba. Mai zaɓe yana tuna bugun da ya burge shi a wasan ƙarshe, ba ya tuna wanda ya sa hannu a takardar hayar zaure. Ƙungiyar Billiard Congress of America, wadda aka kafa a 1948, ta buɗe kundinta na gwarazan wasa a 1966, kuma tana da rukuni biyu: ɗaya na fitattun 'yan wasa, ɗaya na waɗanda suka yi wa wasan hidima mai ɗorewa. Ta wannan ƙofa ta biyu Pat Fleming ya shiga a 2008, mutumin da kamfaninsa na Accu-Stats ya ɗauki manyan wasanni a bidiyo ya adana su tare da ƙididdigarsu. Ta nan Terry Bell da Larry Hubbart suka shiga a 2010, saboda kafa ƙungiyar masu wasa don sha'awa da aka sani da APA, kuma ta nan Barry Hearn na kamfanin shirya wasanni na Matchroom ya shiga a 2013. A ƙaramar ƙungiya ma a rubuta wannan rabo a cikin dokokinta tun farko, a kuma faɗi sau nawa za a ba da karramawar, ko duk shekara ko duk bayan shekara biyu.

Daga nan sai a zauna a kan ma'auni, kuma a nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci, domin karramawar da ba ta da ma'auni takan koma rabon ladabi tsakanin abokai. A ganina tambaya ta farko ita ce ta ɗorewa: shekara nawa mutumin ya yi yana shirya gasar ba tare da ta mutu ba? Barry Behrman ya fara gasar US Open ta salon pul mai ƙwallo tara a 1976, a ɗakin wasansa na Q-Master da ke Norfolk a jihar Virginia, da 'yan wasa 16 kacal, Mike Sigel ya lashe ta. Ya ci gaba da ɗaukar nauyin gudanar da ita kusan shekara 40, har ta zama gasar da 'yan wasa daga Turai da Asiya suke tsallako teku dominta. Irin wannan juriya ita ake nema, domin shirya gasa sau ɗaya da ɗoki ba shi da wuya. Wahalar tana zuwa ne a shekara ta huɗu ko ta biyar, lokacin da mai ɗaukar nauyi ya janye, masu taimako suka gaji, kuɗin hayar zaure kuma ya ƙaru.

Tambaya ta biyu ita ce ta amana: shin an biya 'yan wasa abin da aka yi musu alkawari, a kan lokaci? Wannan ita ce tambayar da 'yan wasa da kansu suke fara yi idan an ambaci sunan mai shirya gasa, kuma bai kamata girman kuɗin da aka yi shela ya rufe wa kwamiti ido ba. A 2005 an fito da wani jerin gasa a Amurka mai suna International Pool Tour, da kuɗin kyautar da ba a taɓa ji ba a wasan pul. A gasarsa ta birnin Reno a 2006, Efren Reyes na Filifin ya ci kyautar dala 500,000, amma biyan kuɗin 'yan wasa ya gamu da jinkiri, kuma ba da daɗewa ba tsarin ya durƙushe. Mutumin da yake sanya kyauta daidai ƙarfinsa, ya miƙa wa kowa kuɗinsa kafin a kashe fitilun zaure, shekara bayan shekara, ya fi cancanta nesa ba kusa ba.

Tambaya ta uku ita ce: me ya canza saboda shi? Barry Hearn ya ƙirƙiro gasar Mosconi Cup a 1994, inda tawagar Turai take karawa da ta Amurka, ya mai da wasan da aka saba yi mutum da mutum wasan tawaga mai jan 'yan kallo a talabijin. Greg Sullivan ya kafa kamfanin tebura na Diamond, sannan a 1999 ya fara gasar Derby City Classic a Louisville ta jihar Kentucky, inda ake haɗa salon wasa uku a gasa ɗaya, har da ƙwallo tara da salon da kowane ɗan wasa yake zura ƙwallo a rami ɗaya kawai. A ƙaramin gari, canjin yana iya zama cewa mutumin ne ya fara kawo alƙalin wasa na gaske, ko ya buɗe rukunin matasa, ko ya hana caca a ɗakin gasa har iyaye suka yarda 'ya'yansu su shiga. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garuruwanmu, inda mutane da yawa suke kallon teburin sinuka a matsayin matattarar caca da zaman banza.

A kula da bambanci tsakanin mai shirya gasa da mai ɗaukar nauyi. Attajirin da ya ba da kuɗi ya cancanci godiya, a rubuta sunansa a allon talla, a ambace shi a jawabi. Amma idan aka ba shi karramawar hidima saboda ana fatan ya sake bayarwa baɗi, to an sayar da ita, kuma kowa a zauren zai gane.

Bayan an tsayar da ma'auni, sai a tattara shaida a rubuce. A nemo tsofaffin takardun jadawali, da sanarwar gasa, da hotuna, da jerin waɗanda suka yi nasara kowace shekara, a kuma zauna da tsofaffin 'yan wasa a ɗauki muryarsu da waya. A tambaye su abubuwa takamaimai: wace shekara aka fara, a ina, mutum nawa suka shiga, nawa ne kuɗin shiga, wa ya kawo tebur. Amfanin wannan aiki ya wuce ranar biki. Dalilin da ya sa har yau ake sanin cewa Joe Davis da Bill Camkin, mai harkar kayan biliyad a Birmingham, su ne suka tsaya aka yi gasar sinuka ta duniya ta farko da aka kammala a 1927, a zauren Camkin ɗin, shi ne an rubuta an adana. Idan akwai wani ɓangare na tarihin da ba shi da daɗin ji, kada a ɓoye shi. 'Yan uwa biyu, George da Paulie Jansco, sun fara shahararriyar gasarsu a ƙaramin garin Johnston City na jihar Illinois a 1961, suka tara gwanayen da a da ba a ganinsu sai a ɗakunan caca, suka fito da su gaban jama'a da kyamarori. Gasar ta ƙare a 1972 bayan jami'an gwamnati sun kai samame kan zargin caca. Dukkan ɓangarorin biyu tarihi ne, kuma faɗinsu tare bai rage musu komai ba.

Kwamitin zaɓe ya ƙunshi mutane daga ɓangarori daban-daban: tsofaffin 'yan wasa, alƙalan wasa, masu gidajen wasa, da wani mai rubutu ko ɗan jarida da ya daɗe yana bin wasan. Duk wanda yake da dangantaka ta jini ko ta kasuwanci da wanda aka gabatar ya janye daga wannan zaɓen, kuma shugaban ƙungiya mai ci kada ya karɓi karramawar daga hannun kwamitin da shi ya naɗa; ya jira sai ya sauka.

Batun lokaci yana da nauyi ƙwarai a wurina. George Jansco ya rasu a 1969, amma sai a 2019 aka shigar da shi da ɗan uwansa cikin kundin Billiard Congress of America, a shekara ɗaya da Greg Sullivan, wanda gasarsa ta Derby City ta ɗauki darasi daga tasu. Shekara 50 kenan bayan rasuwarsa. Abu ne mai kyau da aka yi, amma da yawa daga cikin waɗanda suka ga wahalarsa da idonsu ba su kai wannan rana ba. Saboda haka idan kwamiti yana da mutum biyu da suka cancanta, a fara da wanda ya fi tsufa ko wanda jikinsa ya yi rauni. Idan kuma mutumin ya riga ya rasu, a je wa iyalinsa da kai, a nemi izininsu, a tambaye su yadda suke son a yi, a gayyaci ɗaya daga cikinsu ya karɓa.

Game da irin karramawar, allon yabo da ake miƙawa a hannu yana da kyau, amma yakan ƙare a jikin bangon falo inda iyali kawai suke ganinsa. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a liƙa sunan mutumin a jikin gasar kanta. Bayan rasuwar Behrman a 2016, Matchroom ta karɓi gasar US Open, kuma kofin da zakara yake ɗagawa yana ɗauke da sunan Barry Behrman, ta yadda duk shekara sai mai gabatarwa ya furta shi, sabon ɗan kallo kuma ya tambaya ko wane ne. Ƙaramar ƙungiya za ta iya yin haka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: a sa wa kofin shekara sunansa, ko rukunin matasa, ko babban teburin da ake buga wasan ƙarshe a kansa, a kafa ɗan farantin ƙarfe a gefen katakon da sunansa da shekarun da ya yi hidima. Idan mutumin yana cikin ƙunci, a haɗa masa da taimako na kuɗi ko na magani, amma a ba shi a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Bikin da kansa a yi shi a cikin gasa, lokacin da zaure ya cika, kuma mafi dacewa shi ne dab da wasan ƙarshe, kafin 'yan wasa biyu su fito da sandunansu. Idan aka bari sai bayan an ɗaga kofi, rabin mutane sun riga sun nufi ƙofa. Wanda zai yi jawabi ya zama ɗan wasan da ya ci moriyar aikin, ba babban baƙon da aka rubuta wa takarda da safe ba, kuma ya guji jera kirari irin su jajirtacce da haziƙi, ya faɗi abin da ya faru: shekarar da ruwa ya shiga zaure aka kwana ana kwashe tebura, ko ranar da mai ɗaukar nauyi ya janye mutumin ya cika kuɗin kyauta daga aljihunsa, idan har haka ta faru. Minti biyar sun isa. Sannan a ba wanda ake karramawa dama ya yi magana, domin kusan ko yaushe zai ambaci sunayen da kwamiti bai sani ba. Kada a bar shi ya biya kuɗin motar zuwa ko masauki, kuma a tanadar wa iyalinsa kujeru a sahun gaba.

Cikin sunayen da zai ambata, a saurari na masu haɗa tebur da kyau. Cikakken teburin sinuka ƙafa 12 ne a tsayi, 6 a faɗi, kuma shimfiɗarsa allunan dutse ne guda biyar da ake haɗawa. Na pul mai ƙafa 9 yawanci guda uku ne. Mai haɗawa yakan durƙusa da ma'aunin daidaito yana ɗaga kusurwa ɗaya yana sauke wata, ya cike mahaɗar allunan har yatsa ba ya jin tsagi, sannan ya ja ƙyallen ya ɗaure shi ba tare da ko ƙaramin lanƙwasa ba, ya gangara ƙwallo a hankali daga wannan bango zuwa wancan yana kallon ko za ta karkata. Duk wannan ana yinsa ne da dare kafin gasa, babu ɗan kallo ko ɗaya. Haka alƙalan wasa da suke tsaye awa da awanni, da mai riƙe allon maki, da mai kula da jadawali. Ya dace a ware musu ƙaramar karramawa tasu, mutum ɗaya kowace shekara, a kira shi gaban jama'a da cikakken sunansa.

Bayan an watse, sakataren ƙungiya ya haɗa takardar shaidar da aka tattara, da jawabin da aka yi, da hotunan ranar, ya ajiye kwafi ɗaya a ofis, ya kai ɗaya ga iyalin, ya sanya ɗaya a shafin ƙungiya na intanet. A buɗe rajista mai ɗauke da sunan kowane wanda aka karrama, da shekara, da dalili a layi uku ko huɗu, a kuma sanya ranar da za a fara karɓar sunayen zagaye na gaba kafin kwamitin ya tashi daga zamansa na ƙarshe.