Yadda ake neman mafaka bayan an ƙetare iyaka

Wanda rikici ya koro daga Sabon Birni zuwa Maraɗi, ko daga Gwoza zuwa Kamaru, ya gaggauta kai kansa wurin hukuma. Yarjejeniyar Jeniba ta 1951 ta hana a hukunta ɗan gudun hijira don ya shigo ba takarda, amma da sharaɗin ya bayyana kansa ba tare da ɓata lokaci ba. Mutane da yawa kan laɓe a gidan 'yan'uwa wata da watanni, suna dogaro da izinin zaman kwana 90 ba tare da biza ba na yarjejeniyar ECOWAS ta 1979. Wannan izinin baƙunta ne, ba ya hana a mayar da mutum. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, Kamaru kuwa dama ba ta ciki.

Da isarka, ka je wurin jami'an shige-da-fice, ko 'yan sanda, ko jandarma, ka faɗa ƙarara cewa mafaka kake nema. Kada ka ce ziyara ko cin kasuwa ya kawo ka, abin da aka rubuta ranar farko shi za a riƙa bi. A Najeriya hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa (NCFRMI) ce ke da alhakin wannan aiki, a Nijar kuwa hukumar tantance masu neman mafaka (CNE), dukansu tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR).

Sai rajista, kuma kyauta ce; duk wanda ya nemi na goro macuci ne. A zo da kowa na gidan, har jariran goye, domin ana ɗaukar hoto da zanen yatsu, wanda bai zo ba kuwa ba zai shiga lissafin abinci ba. Yin rajista sau biyu da suna daban ba ya ɓuya, na'ura na kamawa.

Wurin tambayoyi ne aka fi tuntuɓe. Za a tambayi sunan ƙauyenka, da mai garin, da ranar da kuka fito, da hanyar da kuka bi. Idan ba ka riƙe kwanan wata ba, ka ce kafin girbi ne ko bayan ƙaramar Salla, kada ka ƙirƙiro. Miji da mata su faɗi abin da kowa ya gani da idonsa. Ba sai kai musamman ake farauta ba kafin a ba ka mafaka: yarjejeniyar Afirka ta 1969 ta haɗa har wanda rushewar zaman lafiya ta kora. In an ƙi ka, akwai ɗaukaka ƙara, kuma tana da wa'adi, ka tambaya nan take.

Za a iya matsar da ku nesa da iyaka, kamar sansanin Minawao a Kamaru ko Chadakori a jihar Maraɗi, don tsira daga mahara. Yawan komawa gida yin noma na iya sa a sake duba matsayinka. A riƙa sabunta takardar shaida kafin ta mutu, a kuma yanko wa kowane jariri takardar haihuwa.